A ba wa ƙananan littattafan wasan labari gurbi a filin adabi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Roƙona shi ne filin adabi na wannan jarida ya waiwayi 'yan ƙananan littattafan nan da marubuci ke rubutawa, ya zana, ya buga da kansa, waɗanda Turawa ke kira zin, musamman masu ɗauke da wasan labari.

Wasan kamar zaman tatsuniya ne, sai dai masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Mutum huɗu ko biyar ke zama, ɗaya ya zama jagora yana bayyana wuri da abin da ya taso, sauran kowa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi. In abin na da haɗari, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, saboda haka ba caca ba ce. Wasan Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan littattafai uku ne a cikin kwali. Daga 2019 kuma shafin Kickstarter, inda ake tara kuɗin gudummawa a intanet, ya fara shirin Zine Quest don masu buga irinsu.

Fasahar tana cikin ƙa'idojin. A wasan Apocalypse World na 2010 ana jefa ɗan ludo biyu: 10 zuwa sama nasara ce, 7 zuwa 9 nasara ce amma da asara, 6 zuwa ƙasa kuwa al'amari ya ɓaci. Cikin hanyoyi 36 da jifan zai iya faɗuwa, 6 kacal ke ba da cikakkiyar nasara, 15 kuma tsaka-tsaki, kafin a ƙara makin ƙwarewar tauraro a kan jimillar jifan. Wato tun daga lissafi marubucin ya yanke cewa mutanen labarinsa za su riƙa samun biyan buƙata da ciwo a jiki. A ganina wannan hukunci ne irin na marubucin ƙagaggen labari, kuma ya cancanci sharhi.

Bugun ba ya buƙatar maɗaba'a. Falle huɗu na A4, a ninke kowanne biyu, sun ba da shafi 16 girman A5. Dole adadin shafuka ya rabu da huɗu, in ba haka ba a ƙare da farin shafi. Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne jeri: fallen waje na ɗauke da shafi na 16 da na 1, bayansa na 2 da na 15, haka har ciki, kowane biyu in an haɗa su ba da 17. Gara a fara ninke fararen takardu, a rubuta lambobi da biro, a warware a gani. Wajen buga gaba da baya a sa injin ya juya takarda ta gajeren gefe, don in ta dogon gefe ya juya, bayan zai fito kai a ƙasa. Takarda mai giram 80 ta isa ciki, bango kuma kati mai giram 160. Sitefilar ofis ba ta kai tsakiya, sai mai dogon hannu, ko a huda rami uku a ɗinke da zare. A bar aƙalla santimita ɗaya a gefe, domin injin fotokwafi ba ya kai baki, kuma zane mai yawan baƙi dabbare-dabbare yake fitowa.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin tarko: salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su koma 'yan akwatuna a kwamfutar mai shago. A kai aikin a PDF, a buga kwafi ɗaya a duba tukuna.

Buga littafi da kuɗin aljihu ba baƙon abu ba ne gare mu, da haka adabin kasuwar Kano ya bunƙasa tun shekarun 1980. In irin wannan ɗan littafi ya iso teburinku, don Allah mai sharhi ya tara mutum huɗu su buga wasan na awa biyu kafin ya ɗauki alƙalami.

Naku,
Mai karatu daga Zariya