Masu Sake Zana JAMB, Ku Fara Duba Inda Makin Ya Zube

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da iyaye da yaran da sakamakon JAMB bai yi wa daɗi ba, suke shirin sake zama.

Ni mai gyaran waya ne a PZ, Zariya. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma tun rasuwar mahaifinmu ni ke ɗauke da karatun ƙanwata. Zamanta na farko 171 ta ci, ga shi kwas ɗin harhaɗa magunguna take so a ABU. Da wannan maki kuwa, sai dai ta leƙa ƙofar Samaru daga cikin Keke Napep. Kwana uku ba ta fito daga ɗakin Inna ba. Ni kuma na yi abin da yawancinmu ke yi, na ce wasa ta yi, na kai ta wani lesin na biya. Wata biyu ana ta rubuta musu a allo, yara cunkus a ɗaki ɗaya, ko kwamfuta ɗaya babu.

Allah Ya kawo wani malamin kimiyya shagona, gilashin wayarsa ya fashe. Da na yi masa kuka sai ya ce in kawo yarinyar da takardar sakamakonta. Abin kunya, ni jimilla kaɗai na taɓa dubawa. Ashe kowane darasi da makinsa: Turanci 58, Bayoloji 55, Kemistiri 34, Fiziks 24. Ya kalle ta ya ce, "Kin gama amsa tambayoyin kuwa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, Fiziks ko rabi ban yi ba lokaci ya ƙare."

Nan ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a bayan rasit. Tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, a cikin awa biyu. Wato sakan 40 ke nan ga kowace tambaya. Ita kuwa ta zauna tana maimaita karatun labarin Turanci, sannan tana kokawa da linzamin kwamfuta, don ranar ce ta fara riƙe shi a rayuwarta. Ba ta san ana danna A, B, C ko D a zaɓi amsa ba, a danna N a wuce gaba, P a dawo baya. Ba ta kuma san ba a rage maki don an yi kuskure ba, shi ya sa ta bar wasu fayau. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar nan kacokan kan kwamfuta, amma har yau muna tura yaran da suka san karatu ba su san na'urar ba.

Na cire ta daga lesin. Akwai wata tsohuwar laftof da wani kwastoma ya watsar a shago, na gyara na saka mata tambayoyin shekarun baya. Duk Asabar bayan sallar asuba sai ta zauna awa biyu cif, agogo a gabanta, Inna ta hana kowa aikenta. Abin da ya fi amfani a ganina shi ne wani littafin rubutu da Malam ya sa ta buɗe: duk tambayar da ta faɗi sai ta rubuta dalili, rashin sani ne, gaggawa ce, ko lissafi ne ya kuɓuce. Cikin wata ɗaya muka ga a wurare ƙalilan take ta faɗuwa, musamman lantarki a Fiziks da lissafin mol a Kemistiri. Can ta tare, tana bin manhajar JAMB, ta rage bin Bayolojin da ta riga ta iya. Jarrabawar gwaji ta JAMB ma na biya mata, don ta saba da zauren.

Zama na biyu ta ci 248. Ban ɓoye ba, harhaɗa magungunan bai samu ba, ta canza kwas, yanzu tana Samaru tana karatunta.

A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, sama da yara miliyan ɗaya da rabi ne suka kasa kai 200, cikin kusan miliyan biyu. Ban yarda dukkansu daƙiƙai ne ba. Kuma tunda sakamakon shekara ɗaya kaɗai yake aiki, duk faɗuwa sabon fom ne da shekara guda a gida, wadda ga 'ya mace sau da yawa ita ce ƙarshen zancen karatu.

Roƙona ga shugabannin makarantun Zariya masu ɗakin kwamfuta, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, a buɗe wa yaran unguwa ɗakunan nan ranakun Asabar da Lahadi kafin jarrabawa. Laftof ɗin nan tamu yanzu yara biyar ne a layinmu na Tudun Wada ke karɓa-karɓa da ita, batirinta kuma ya mutu, sai an kawo wuta.

Naku,
Mai gyaran waya, PZ, Zariya