Kada Kowa Ya Murɗa Makullin Motar Baba

Assalamu alaikum, ƙanena.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Baba da Inna da sauran yara. Ina yi muku jajen ambaliyar ruwan da ta same ku. Tunda ba a rasa rai ba, mun gode wa Allah, Shi ya mayar da alheri. Hotunan da ka turo sun iso, tun daren jiya nake ta duba su, da ƙyar barci ya ɗauke ni.

Shatar lakar da ruwa ya bari a jikin motar Baba ta haura fitilun gaba, ke nan ruwan ya kai bakin bututun da inji ke shaƙar iska. Don girman Allah kada kowa ya murɗa makulli, ko da na "bari mu ji ko za ta tashi" ne. Karɓe shi ka ba Inna ta adana. Na san Baba, hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ji kukan injin. Ka zauna kusa da shi ka karanta masa wannan takarda a hankali.

Aikin fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin ramin inji da ake kira silinda, shi ne ya hau ya matse iska da fetur kafin filogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A inji mai lita 2 da silinda 4, gurbin da ke saura idan fistan ya kai ƙololuwa bai fi cin babban cokali huɗu na ruwa ba. In ruwan da ke ciki ya fi haka, fistan zai daki abin da ba ya gusawa, sai kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe, wani lokaci ya karye ya huda jikin inji. Da hannuna na yi wannan ɓarna watana na farko a garejin nan da nake aiki. An jawo wata mota bayan ruwan sama, na yi garaje na ba ta wuta, sai na ji ƙwas sau ɗaya, ta yi shiru. Da muka sauke injin, mai garejin bai ce mini uffan ba, lanƙwasasshen kwanrod ɗin kawai ya ɗora mini a tafin hannu. Har yau ina jin nauyinsa.

Yau ɗin nan ka cire kan batir, ka fara da na baƙar waya. Buɗe akwatin matatar iska, in ta jiƙe ko ka ga laka a bututun, to ruwa ya shiga. Zaro sandar awon baƙin mai: in ya haura shaida ko ya koma kamar an dama shi da madara, akwai ruwa a kasko. Sai a nemi janwe ya kai ta wurin bakanike, kuma kada a kwana biyu ana shawara, domin ruwan da ke kwance cikin silinda tsatsa yake haifarwa cikin 'yan kwanaki, har zobban fistan su cije.

Ka tsaya a kan bakaniken yana aiki. Ya fara zubar da baƙin mai. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai riga fitowa. Ya sa sabo da sabuwar matatar mai, ya cire filogi duka, sannan ya juya kiranshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a ƙasan inji, da sifana, da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri kada ya tilasta, nan aiki ya koma na buɗe inji. In ya juya sumul, a cire fiyus ɗin famfon mai da wayoyin kwayil mai ba filogi wuta, a mayar da batir, a ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Za ka ga ruwa na feshi ta ramukan filogi, ka ja baya da fuskarka. Bayan ya ƙafe a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami. Kafin a yi murna a auna ƙarfin matsin kowace silinda. In guda ta gaza 'yan'uwanta sosai, akwai alamar kwanrod ya ɗan lanƙwashe, kuma irin wannan inji yana iya tashi lafiya lau ya yi ta aiki, sai wata rana ya fashe a kan hanya da Baba a ciki. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

Tankin fetur a tsiyaye shi, ruwa a ƙasansa yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Man birki yana shan ruwa, a canja. Man giya kuma, tunda tamu mai canja kanta ce, in ya yi fari-fari kada a tuƙa ko taku ɗaya. Idan inji ya tashi, a bar shi ya yi zafi, a sake zubar da baƙin mai a sa wani. Baba zai ce asara ce, ka ce masa na farkon na wanki ne.

Wayoyi su ne masu ɓoye ciwo. A ɗaga kujeru da kafet a shanya, a zare kowace mahaɗar waya da ruwa ya taɓa, a wanke lakar a busar kafin a mayar. In fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumburowa ta kare mutum idan an yi karo, ta ƙi mutuwa, kada a yarda wani ya cire ƙwan don ta yi shiru.

Kuɗin aikin yana wuyana, kada Baba ya sayar da komai. Lokacin da za a juya kiranshaf ka kira ni ta bidiyo, ko ina ƙarƙashin mota zan fito, ina so in gani da idona.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina neman addu'arta.

Naka,
Yayanka