A sama mana ɗakin gwajin jinin dabbobi kusa

Malam Edita,

Ina kiwon ragunan layya a Funtuwa. Bara babban ragona ya daina ci, yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan-kaɗan. Wani mai allura ya yi ta ɗirka masa jentamaisin, maganin da shi kansa yake lalata ƙoda in jikin dabba ya bushe. Sai da na kai shi Zariya aka ɗebi jini, aka ga yuriya da kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, sun hau sosai. Tsakuwa ce ta toshe mafitsara, kuma yawan dusa ya jawo ta.

Ba raguna kaɗai ke buƙatar gwajin ba: ko kare ne aka ciyar da kitse ya kama amai, shi ma jininsa ake aunawa a duba fankiriyas, wata gaɓa a ciki da ke taimaka wa narkar da abinci.

Don Allah gwamnatocin jihohi su sa injin gwajin nan a asibitocin dabbobi na ƙananan hukumomi.

Mai kiwo, Funtuwa