Zuwa ga Abba, kan maganar komawarka Nicodemus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Hajiyarka tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi har ta je sunan gidan Kawu da kanta. Damina ta yi albarka, dawar gonar bayan rafi ta fitar da kai.

Abba, ba a bakinka na ji ba. A bakin Zainab na ji, ita ma sai da na matsa mata. Wai ka saki ɗakinka na Manhattan ta jihar Kansas a Amurka za ka tare a Nicodemus, ƙauyen nan da kake zuwa duba gonakin gwaji, kuma ko ka gama karatun can kake so ka zauna ka yi aiki da manoman wurin. Tun da maganar ta shiga kunnena barcina bai daidaita ba.

Ka san wanda ya tsufa yana koyar da labarin ƙasa ba ya magana a kan wurin da bai bincika ba. Na sa an buɗe mini taswirar Kansas, na karanta abin da ya samu. A ƙidayar 2020 mutum 14 aka samu a Nicodemus. Gidanmu na Giwa kaɗai, in an zauna cin tuwon dare, an fi haka. Gundumar Graham da garin yake ciki gaba ɗayanta ba ta kai mutum 2,500 ba. Garin ba shi da hukumar kansa, babu majalisa, babu magajin gari, babu 'yan sandansa. Asibiti da kotu da duk wata takarda sai an je Hill City, kusan kilomita 20. Gidan wayarsu tun 1953 aka rufe shi, makarantar ma ta daɗe da zama kayan tarihi. Fili ne fetal, sai iska, sai kogin Solomon da ke ratsawa ta kudu.

Kada ka ɗauka raina mutanen nake. Wallahi da na karanta labarinsu sai da idona ya kawo ruwa. Bayi ne da aka 'yanta, suka taso daga Kentaki a 1877 saboda an kwaɗaita musu ƙasar noma ta kansu. Da suka iso ba su tarar da gida ko ɗaya ba, itacen gini ma babu. Ramuka suka haƙa a ƙasa suka rufa da ciyawa, a ciki suka ci sanyin shekarar farko. Wasu na ganin wurin suka juya. Waɗanda suka daure, cikin shekara 10 sun yi shaguna da banki da jaridu biyu. Sai a 1888 layin dogo ya kauce musu ya bi ta Bogue, 'yan kilomita kaɗan daga nan, 'yan kasuwa suka kwashe kayansu suka bi jirgi. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori da yawa daga cikin sauran. A 1996 gwamnatin Amurka ta mai da garin wurin tarihi na ƙasa, tana kula da gine-gine biyar, ciki da coci biyu. Na gane abin da ya ja zuciyarka. Baƙar fata ne irinka, manoma ne, kuma dawa da ka tashi a cikinta babu jihar da ta kai Kansas nomanta a ƙasar.

To amma ka lura da jikokinsu. Suna Denver, suna Wichita, suna Kaliforniya. Ƙarshen watan Yuli suke zuwa bikin tunawa da 'yanci, a cika garin kwana biyu-uku, kowa ya koma inda yake neman abincinsa. Masu ƙasar ke nan, waɗanda kakanninsu ke kwance a wurin.

Ga abin da ke hana ni barci, zan faɗa maka ƙiri-ƙiri. In ciwon nan naka ya tashi cikin dare a watan Janairu, ƙanƙara ta rufe hanya, wa zai ji numfashinka ya canja? Ni na san yadda yake tashi, ni na sha ɗaukar ka a kafaɗa. In kuma ta Allah ta kasance, wa zai yi maka wanka? Wa zai sa maka likkafani, wa zai tsaya sahu a kanka, wa zai san inda gabas take ya juya fuskarka? Maƙwabtanka za su yi kuka, na yarda, za su yi maka duk abin da suka sani na mutunci. Amma abin da suka sani daban ne da namu, kuma ba laifinsu ba ne. Masallacin da kake Juma'a a Manhattan tafiyar kusan awa uku ce a mota. Juma'a nawa za ka tsallake kafin tsallakewar ta daina damun ka? Ka tuna yadda aka yi da Baffa Sani, ka tuna halin da kakarka ta shiga har ta koma ga Allah ba ta san kabarinsa ba. Ba zan iya ganin Hajiyarka a wannan hali ba.

Lokacin da kowa ya ce kada in bar ka ka tafi, ni na tsaya maka. Na sayar da shanun huɗa biyu, ban yi shawara da kowa ba, har yau Kawu bai daina yi mini gori ba. Na yi ne don jami'ar nan taku ta Jihar Kansas ita ta turo malamai Zariya a shekarun 1960 aka kafa sashen likitan dabbobi. Sun zo, sun koyar, sun koma gida. Irin tafiyar da na sa maka albarka a kai ke nan. Yanzu ka yanke shawara irin wannan, ƙanwarka ta sani, abokanka sun sani, ubanka ne na ƙarshe? Da me na rage ka? Ko ka ga tsoho ne, ba zai gane ba? Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kuma ka sani.

Na yi faɗa, ya isa. Ban hana ka aikin ba, Abba. Ka je gonakin, ka auna abin da za ka auna, ka girmama dattawan wurin, ka ci abincinsu in ya halatta, in Yuli ta zo ka taya su murna. Amma ka koma ka karɓi ɗakinka, ko ka nemi wani kusa da jama'a. Ka ba limamin masallacinku lambata da ta Zainab. Maganin shaƙarka ya zama ɗaya a mota, ɗaya a aljihu. In ka gama, gonar bayan rafi tana nan, kuma irin da kake gwadawa mu ma farin ya fara koya mana buƙatarsa.

Ka kira ni ranar Lahadi bayan La'asar ɗinmu, ni kaɗai, kafin ka yi magana da Hajiya. Ban gaya mata ba tukuna. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka.