Godiya ga ofishin marubutan Lost kan kashin Desmond

Zuwa ga Damon Lindelof da Carlton Cuse, jagororin marubutan shirin talabijin na Amurka mai suna Lost, da sauran ma'aikatan ofishin marubutansa, da kamfanonin da suka shirya shi, ABC Studios da Bad Robot.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu marubutan wasan kwaikwayo mai dogon zango ne da harshen Hausa, kuma mun rubuto ne a bainar jama'a domin yaba wani aiki da kuka yi, wanda duk mai wannan sana'a ya san wuyarsa: sauraron ƙorafin masu kallo ba tare da miƙa musu alƙalami ba. Yabon gwani ya zama dole, ko da shekaru sun ja tun da shirin ya ƙare a ranar 23 ga Mayun 2010, bayan zango 6 da kashi 121.

Tun da tashar ABC ta fara nuna shirin a Satumbar 2004, kun kafa shi a kan tsari guda. Jirgin sama ya taso daga Sidni zai je Los Angeles, ya faɗi a wani tsibiri mai cike da abubuwan al'ajabi. Kowane kashi, wanda yawanci bai wuce minti 42 ko 43 ba idan an cire talla, yakan ɗauki mutum ɗaya cikin waɗanda suka tsira, a riƙa waiwayar rayuwarsa ta baya ana dawowa tsibirin. Kashi na 4 na zango na 1 ya nuna ƙarfin tsarin, lokacin da aka bayyana a ƙarshe cewa Locke, wanda ake gani yana farauta a daji, a keken guragu yake kafin jirgin ya faɗi. Waiwayen ya sauya ma'anar duk abin da aka gani kafin nan.

Amma kowane tsari yana da inda yake gajiya, kuma a zango na 3 ya gaji. Masu kallo suna jiran amsar tambayoyin tsibirin, sai aka ba su kashi guda kan yadda Jack, likitan da ke jagorantar waɗanda suka tsira, ya yi zanen jikinsa a ƙasar Tailan. Laifin kashin a fili yake ga mai sana'a. Ya amsa tambayar da ba wanda ya yi, kuma da za a cire waiwayen gaba ɗaya, babu abin da zai ragu a labarin tsibirin. Haka aka yi da Nikki da Paulo, waɗanda aka cusa cikin jama'ar kamar dama can suna nan. Masu kallo suka ƙi su ƙememe, domin mutum ba ya damuwa da baƙon da aka ce masa ɗan gida ne.

A nan ne ofishinku ya cancanci godiya ta farko. Kun amsa a fili cewa mutanen biyu ba su karɓu ba, kun rufe labarinsu a kashi ɗaya a watan Maris na 2007, ba ku ja shi ba. Sannan kun gane cewa asalin ciwon ba su ba ne. Ciwon shi ne rubuta labarin sirri ba tare da sanin ranar ƙarewarsa ba, wanda ke tilasta wa marubuci jan ƙafa. A watan Mayun 2007 ABC ta sanar cewa shirin zai ƙare a 2010. Kamfanin da ke samun kuɗi da shiri ya yarda a sa masa wa'adi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma muna yaba wa shugabannin da suka amince.

Godiya ta biyu, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, kan kashi na 5 ne na zango na 4, mai suna The Constant, wato madogara, wanda aka nuna ranar 28 ga Fabrairun 2008, Jack Bender ya ba da umarni. Har yau da yawa daga masu kallo da masu sharhi suna sa shi a sahun farko, wasu ma suna cewa ba kamarsa a duk shirin. Ya kamata a faɗi dalili, domin ba sa'a ba ce.

Desmond, wani mutum da waɗanda suka tsira suka tarar a tsibirin, yana cikin jirgi mai saukar ungulu tare da Sayid, ɗaya daga cikinsu, suna barin tsibirin zuwa wani jirgin ruwa, sai hadari ya rutsa da su. Daga nan hankalinsa ya fara tsalle tsakanin 2004 da 1996, lokacin yana soja. Wato waiwayen da aka saba yi wa mai kallo ya zama cutar da ke damun Desmond kansa. Abin da ya sani a can, shi zai cece shi a nan. Babu minti ɗaya na baya da za a cire labarin ya tsaya da ƙafarsa.

Labarin tsallaka lokaci yakan rikita mai kallo, amma kun toshe ƙofofin ruɗu ɗaya bayan ɗaya. Ido yana gane shekara nan take: a 2004 Desmond na da gemu da dogon gashi, a 1996 an yi masa askin soja. An bayyana dokar abin sau ɗaya tak, ta bakin Faraday, wani masanin kimiyya da Desmond ya je wurinsa a jami'ar Oxford a 1996, cewa sai mutum ya sami wani abu da ya damu da shi ƙwarai, wanda yake nan a lokutan biyu, kafin hankalinsa ya zauna. Ba a bar haɗarin a fatar baki ba. An nuna ɓeran gwaji ya mutu, an nuna Minkowski, mai kula da sadarwar jirgin ruwan, yana haɓo har rai ya yi halinsa a gaban Desmond. Saboda haka da jini ya fara fita daga hancin Desmond, ba a buƙatar wani ya ce lokaci na ƙurewa.

Sai kuma wa'adi mai rana. A 1996 Desmond ya je ƙofar Penny, masoyiyarsa, a Landan, bayan ya ɓata mata rai, ya roƙi lambar wayarta, ya ce ba zai kira ba sai 24 ga Disamba 2004. Shekara takwas. A jirgin ruwan kuwa an lalata na'urorin sadarwa, Sayid ya harhaɗa wayar da batirin da ba zai daɗe ba. Duk tambayar kashin ta dunƙule ta zama ɗaya: za ta ɗauka ko ba za ta ɗauka ba?

Masu kallo da dama sun ce sun zubar da hawaye a wannan wayar, kuma mun san abin da ya jawo. An shuka soyayyar tun zango na 2, da hoton su biyu da wasiƙarta, aka bar ta ta nuna. Henry Ian Cusick da Sonya Walger, waɗanda suka fito a matsayin Desmond da Penny, sun yi wasan kowa a wurinsa, sai mai tace hoto ya riƙa gajarta yankan, daga fuskarsa zuwa fuskarta, har maganganunsu suka riƙa hawa kan juna. Kiɗan Michael Giacchino bai yi gaggawar shigowa ya gaya wa mutum abin da zai ji ba. Muna roƙon a isar da godiyarmu ga ɗakin tacewa musamman, domin su ne ake yawan mantawa.

Wani abin lura shi ne kashin bai warware babban sirrin tsibirin ba, amma ba a ji ƙorafin da aka yi kan zanen Jack ba. Mutanen da suka yi kukan ana ɓata musu lokaci da labarin mutum ɗaya, su ne suka rungumi wannan labarin mutum ɗaya. Ashe ba amsoshi kaɗai suke nema ba, so suke abin da aka nuna musu ya taɓa abin da ke gabansu. Ku kun karanta ƙorafin daidai. Ko a daƙiƙun ƙarshe ba ku saki zaren ba, da aka nuna Faraday yana duba littafinsa ya ga ya taɓa rubuta cewa Desmond ne zai zama madogararsa idan abu ya ɓaci.

Allah ya ƙara basira, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a aikin da alheri.

Naku,
Wasu marubutan wasan kwaikwayo mai dogon zango, Kano.