Sanarwa: ƴar'uwarmu ta dawo daga Galmi

Salama ƴan'uwa, ƴar'uwarmu da zumuntar matasa ta tura aikin bishara Nijar ta iso Katsina lafiya ta Maraɗi da Jibiya, mun gode Allah. A asibitin ƙungiyar mishan ta SIM da ke Galmi ta yi hidima, wanda yake nan tun 1950, ita ba nas ba ce, tafinta ta riƙa yi tsakanin likitoci baƙi da majinyata tunda can ma Hausa ake ji, da dare kuma su zaga ɗakunan kwanciya da addu'a, albasa kuwa wai har ta gaji da gani. Lahadi bayan sujada za ta ba da shaida, don Allah kar kowa ya sulale. Masu son tafiya ta gaba ku sami sakatare.