Kira ga masu koyar da Java: a gyara yadda ake ba bariyabul nau'i

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana masu koyar da rubuta manhajar kwamfuta, a kan wani abu da ake rainawa, alhali ni ya sha hana ni barci.

A Java, yaren rubuta manhaja, kilas (tsarin da ake ƙera abubuwa da shi) ba ya gadon kilas fiye da ɗaya, amma yana iya ɗaukar alkawarin intafes da yawa. Intafes jerin ayyuka ne da kilas yake alkawarin zai iya yi. Ga kilas ɗin LinkedList nan, mai intafes biyu: List ce (jerin abubuwa), kuma Deque ce (layin da ake sa abu ko a cire ta gaba ko ta baya). To idan za ka ajiye ta a bariyabul, wato ma'ajiya mai suna a cikin manhaja, wane nau'i za ka rubuta masa?

Wani ɗalibina ya rubuta List, don mun sa ɗalibai sun haddace cewa intafes ake rubutawa, ba kilas ba. Can ƙasa sai ya buƙaci push da poll, ayyukan Deque na sa abu da cire shi, waɗanda List ba ta da su. Kwampaila, mai duba abin da aka rubuta ta fassara wa kwamfuta, ta ƙi yarda. Maimakon ya koma ya gyara nau'in, sai ya yi kastin, wato ya tilasta wa kwampaila ta ɗauki abin a matsayin Deque. Aiki ya tafi lafiya lau. Bayan mako uku abokin aikinsa ya ga an rubuta List, ya cire LinkedList ya sa ArrayList, wadda List ce amma ba Deque ba. Kuma ba shi da laifi, abin da layin ya faɗa masa ke nan. Kwampaila ta yi gum. Sai ranar da suke nuna mini aikin, manhajar ta tsaya cak, ClassCastException, saƙon kuskuren kastin, ya cika allo. Yaron ya dafe kai yana cewa, "Malam, wallahi jiya tana aiki." Laifinmu ne, mu da muka ba shi rabin ƙa'ida.

Abin da ya kamata a tambayi ɗalibi shi ne: me wannan wurin yake buƙata daga abin? A aikin yaron nan Deque kaɗai ake buƙata, da ita ya rubuta tun farko da an huta.

Idan kuwa da gaske intafes biyu ake so, akwai hanya. Tun Java 5, a 2004, ana iya rubuta <T extends Readable & Closeable>, kwampaila ta tabbatar duk abin da aka miƙo ana iya karanta shi kuma a rufe shi, kamar BufferedReader. Wasu kan ƙirƙiri intafes na uku mai haɗa biyun. Wannan ma daidai ne, sai dai a Java tsofaffin kilas ba za su shiga ƙarƙashinsa da kansu ba, sai an rubuta musu. A yaren Go ba haka ba ne: duk abin da yake da Read da Close ya zama io.ReadCloser kai tsaye. TypeScript kuwa, wadda ita ma yaren rubuta manhaja ce, ta yarda ka rubuta A & B a kan bariyabul ɗin kansa, abin da Java ba ta bari.

Ina roƙon malamai su ware wa wannan darasi guda cur, su bar ɗalibai su ga manhaja ta faɗi a gabansu saboda kastin, kafin a nuna musu gyaran. Ni yanzu duk wanda ya kawo mini aiki da kastin a ciki, sai ya zauna ya faɗa mini dalilinsa kafin in ba shi maki.

Naku,
Wani malami mai koyar da Java